Jihar Alaska: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinta, Yanayinta da Rayuwar Mutanenta

Kusan duk abin da mutum zai tambaya game da Alaska, ɗaya daga cikin jihohin Amurka, amsarsa tana komawa ne ga abu uku: faɗin ƙasa, sanyi da nisa. Su ne suka tsara inda aka yi hanya da inda aka kasa yi, yadda ake gina gida, har da yadda gwamnati ke samun kuɗinta.

A ina Alaska take, kuma yaya girmanta?

Tana can ƙurya a arewa maso yammacin nahiyar Amurka ta Arewa, kuma ba ta haɗa iyaka da kowace jiha ta Amurka ba. Ta gabas Kanada ce maƙwabciyarta. Sauran sassan teku ne ya kewaye su: Tekun Aktik ta arewa, Tekun Bering ta yamma, Tekun Fasifik ta kudu.

Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.72 idan aka haɗa da ruwa. Nijeriya tana da murabba'in kilomita 923,768, Nijar kuma kusan miliyan 1.27, ke nan Alaska ta fi Nijar girma kuma ta kusa ninka Nijeriya. Ta ninka Texas, jiha ta biyu a girma, fiye da sau biyu. Gaɓar tekunta ta fi ta sauran jihohin Amurka gaba ɗaya tsawo. Duk da wannan faɗi, ƙidayar 2020 ta samu mutum 733,391 kacal, kuma kusan 291,000 daga cikinsu suna zaune ne a birni ɗaya, Anchorage.

Da gaske ne ana hango Rasha daga Alaska?

Gaskiya ne, amma daga wuri ƙalilan. Mashigin Bering da ya raba nahiyoyin biyu bai wuce kilomita 85 ba a inda ya fi ƙunci. A tsakiyarsa akwai tsibirai biyu da ake kira Diomede: ƙaramin na Amurka, babban na Rasha, tsakaninsu ƙasa da kilomita 4. Layin da ke raba kwanan wata na duniya ya ratsa ta tsakaninsu, don haka wanda ya tsaya a ƙaramin tsibirin ranar Litinin, tsibirin da yake kallo ya riga ya shiga Talata.

Su wa Turawa suka tarar a ƙasar?

Al'ummomi da yawa, kowace da harshenta da yankinta. Inupiat suna arewa, Yupik suna yamma, Unangan da Rashawa suka kira Aleut suna kan jerin tsibiran kudu maso yamma, Alutiiq suna Kodiak da kewaye. Tsakiyar ƙasa ta Athabaskan ce, kudu maso gabas kuma ta Tlingit da Haida da Tsimshian. Sunan Alaska ma daga harshen Unangan ya fito, yana nufin babbar ƙasar da teku ke dukan gaɓarta. A yau 'yan asalin ƙasa sun kai kusan kashi 15 cikin ɗari na jama'ar jihar, kuma a 2014 doka ta amince da harsunansu 20 a matsayin harsunan hukuma.

Wani abin da ya kamata a riƙa ambata shi ne dokar hana wariya ta 1945. A lokacin shaguna da gidajen abinci sukan rataya allon hana 'yan asalin ƙasa shiga. Wata mata 'yar Tlingit, Elizabeth Peratrovich, ta tsaya gaban majalisar yankin ta yi jawabin da ya taimaka dokar ta wuce, kusan shekara ashirin kafin Amurka ta yi irinta a matakin tarayya a 1964.

Yaya aka yi ƙasar Rasha ta koma ta Amurka?

Rashawa sun iso ne a 1741, ƙarƙashin Vitus Bering, ɗan Denmark da ke aiki wa sarkin Rasha, tare da Aleksei Chirikov. Bering bai koma gida ba, ya rasu a wani tsibiri a ƙarshen shekarar, amma mutanensa da suka tsira sun koma da fatun karen ruwa na teku, waɗanda suka yi tsada matuƙa a kasuwar Sin. Fatar nan ce ta jawo 'yan kasuwa. Sun tilasta wa Unangan farauta, kuma cututtuka da zalunci suka rage yawansu ƙwarai. A 1784 aka kafa matsugunin Rashawa na dindindin na farko a tsibirin Kodiak, a 1799 aka kafa kamfanin da ya riƙe mulkin yankin, a 1804 kuma Alexander Baranov ya yaƙi Tlingit ya kama Sitka, wadda ta zama hedikwata.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 karen ruwa ya yi ƙaranci saboda yawan farauta, ribar ta ja baya. Rasha ta sha kaye a Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, baitulmalinta ya yi rauni, kuma ta san cewa idan aka sake yaƙi da Birtaniya, wadda ke riƙe da Kanada, ba za ta iya kare Alaska ba. Gara ta sayar ta karɓi kuɗi da a ƙwace a banza. Ranar 30 ga Maris 1867 sakataren harkokin wajen Amurka William Seward da jakadan Rasha Eduard de Stoeckl suka sa hannu kan ciniki na dala miliyan 7.2, wato kusan santi biyu kan kowace eka. Wasu jaridu sun kira cinikin wautar Seward, amma majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 37, biyu kawai suka ƙi.

An miƙa ƙasar a Sitka ranar 18 ga Oktoba 1867. Da yake Rasha tana amfani da tsohuwar kalanda, kuma an mayar da Alaska ɗaya ɓangaren layin kwanan wata, sai aka yi Juma'a biyu a jere: an kwana ranar Juma'a 6 ga Oktoba, aka wayi gari Juma'a 18 ga Oktoba. Ba wanda ya nemi yardar 'yan asalin ƙasa a cinikin, kuma batun filayensu bai samu mafita ba sai bayan fiye da shekara ɗari.

Me ya sa sai a 1959 ta zama jiha?

Mutane sun yi kaɗan, kuma 'yan majalisa a Washington suna ganin yankin ba zai iya ɗaukar nauyin gwamnatin jiha ba. Kamfanonin kifi na Seattle da San Francisco ma ba su so, domin sun fi samun sakewa ƙarƙashin mulkin nesa.

Zinare ne ya fara kawo jama'a: Juneau a 1880, Nome a 1899, Fairbanks a 1902. Shahararren zinaren Klondike na 1896 a Kanada yake, amma ta garin Skagway na Alaska yawancin masu nema suka bi. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafi. A watan Yuni 1942 Japan ta kai hari Dutch Harbor ta mamaye tsibiran Attu da Kiska. A wannan shekara sojoji, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙaƙen fata, suka fasa hanyar mota daga Dawson Creek ta Kanada zuwa cikin Alaska a wata takwas. Sansanonin soja suka kawo ma'aikata da kuɗi. Ranar 3 ga Janairu 1959 Shugaba Eisenhower ya ayyana Alaska a matsayin jiha ta 49, Hawaii ta biyo baya a watan Agusta. Tutar jihar, taurari takwas masu ruwan zinare a kan shuɗi, wani yaro, Benny Benson, ya zana ta a 1927.

Me ya sa ba a iya zuwa babban birnin jihar da mota?

Juneau tana matse tsakanin teku da duwatsu, bayan duwatsun kuma filin ƙanƙara ne mai faɗi har cikin Kanada. Titunan garin duk suna ƙarewa ne a wani wuri. Shiga sai ta jirgin sama ko jirgin ruwa, kuma gwamnatin jiha tana da jiragen ruwan fito masu ɗaukar motoci da ke tasowa tun daga Bellingham a jihar Washington. A 1974 jama'a sun kaɗa ƙuri'ar a ɗauke babban birnin, a 1976 suka zaɓi Willow, amma a 1982 suka ƙi amincewa da kuɗin aikin.

Juneau ba ita kaɗai ba ce. Yawancin garuruwa da ƙauyukan jihar ba su da hanyar mota da ta haɗa su da waje. Ƙananan jiragen sama ne tasi, su ne motar asibiti, su ne masu kai wasiƙa da kayan miya. Man fetur da kayan gini sukan zo ta kwale-kwalen dako sau ɗaya ko biyu a bazara kafin kogi ya daskare. Ƙauyen da ya yi kuskuren lissafin man da zai ishe shi hunturu, dole ya ɗauko ƙari ta jirgin sama da tsada mai yawa, shi ya sa farashin kaya a ƙauye yakan ninka na Anchorage.

Shin wata shida dare ne, wata shida rana?

A'a. Wannan a tsakiyar doron arewa da na kudu kawai yake faruwa. A Alaska abin ya danganta da inda mutum yake. A Utqiagvik, gari mafi arewa a Amurka wanda ake kira Barrow kafin 2016, rana takan faɗi wajen 18 ga Nuwamba ba ta sake fitowa sai wajen 23 ga Janairu, kusan kwana 65. Ko a lokacin akan samu ɗan haske irin na bayan alfijir na wasu awoyi da tsakar rana. Daga wajen 10 ga Mayu zuwa farkon Agusta kuma ba ta faɗuwa sam. A Fairbanks yini mafi gajarta bai kai awa huɗu ba, mafi tsawo kuma ya kusa awa 22. A Anchorage daga awa biyar da rabi ne zuwa awa 19 da 'yan mintuna. Dalili shi ne karkatar da duniya ta yi da kusan digiri 23.5 yayin da take zagaya rana.

To yaya Musulmi suke yi da sallah da azumi?

Akwai masallaci a Anchorage, jama'arsa daga ƙasashe daban-daban, ciki har da na Afirka ta Yamma. Matsalar tana tasowa idan Ramadan ya faɗo a bazara, domin ban da tsawon yini, shafaƙi ba ya ɓacewa har alfijir ya keto, sai a rasa alamar Isha'i da ta Asuba. Malamai sun ba da hanyoyin ƙiyasi: wasu suna bin lokutan Makka, wasu suna bin gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana a cikinsa, wasu kuma suna bin rana ta wurin matuƙar tana fitowa tana faɗuwa. Baƙo ya fi dacewa ya bi jadawalin masallacin garin, kada ya dogara da manhajar waya kaɗai, don takan ba da lokutan da ba su da ma'ana a irin wannan wuri. Alƙibla kuma a Anchorage kusan arewa ce sak, domin hanya mafi gajarta zuwa Makka ta saman duniya take bi. Wanda ya saba da cewa gabas ita ce alƙibla sai ya kiyaye.

Yaya tsananin sanyin yake, kuma me yake ɓatawa?

Yanayin ba ɗaya ba ne. Kudu maso gabas ruwan sama ne da daji mai duhu, sanyinsa da sauƙi. Tsakiyar ƙasa ce mai tsanani ta kowane gefe: an auna digiri 62 ƙasa da sifili a Prospect Creek ranar 23 ga Janairu 1971, mafi sanyi a tarihin Amurka, an kuma auna kusan digiri 38 na zafi a Fort Yukon a 1915.

A irin sanyin Fairbanks batirin mota yakan rasa ƙarfi, man juye ya yi kauri, dizal na yau da kullum ya zama kamar kunu ya toshe matata. Shi ya sa ake sa wa mota na'urar ɗumama inji da ta ɗumama tukunyar man juye da ta batiri, a fito da wayarsu ta gaban mota, a jona da lantarki awa biyu zuwa uku kafin a tayar. Wuraren ajiye motoci da yawa suna da soket don wannan. Tufafi kuwa hawa-hawa ake sawa, kuma ba a sa auduga a jikin fata, domin tana riƙe gumi, gumin ya huce ya janye zafin jiki.

Mece ce daskararriyar ƙasa da ake yawan magana a kai?

Ƙasa ce da ta zauna a daskare aƙalla shekara biyu a jere, galibi ma dubban shekaru. Samanta kaɗan ne ke narkewa a bazara. Tana ƙarƙashin mafi yawan jihar, a arewa kuma kaurinta yakan kai ɗaruruwan mitoci. Matuƙar tana daskare, tauri gare ta kamar kankare. Idan aka ɗora gida mai ɗumi a kanta kai tsaye, ƙanƙarar cikinta ta narke, sai ƙasa ta zama taɓo, gini ya karkace, bango ya tsage. Maganin shi ne a raba zafin gida da ƙasa: a ɗora gidan kan ginshiƙai iska ta riƙa ratsawa ta ƙasansa, ko a shimfiɗa tsakuwa mai kauri da abin tare zafi. Share ciyawa da gansakukar da ke rufe ƙasa ma kuskure ne, domin su ne bargon da ke kare ta daga rana. Ɗumamar yanayi ta ƙara wa abin tsanani. Ƙauyen Newtok na Yupik ya tashi zuwa sabon wuri, Mertarvik, saboda ƙasar ta narke kogi yana cinye ta.

Yaya ake fitar da man fetur daga irin wannan wuri?

An gano rijiyoyin Prudhoe Bay a 1968, mafi girma a Amurka ta Arewa. Tekun wurin a daskare yake mafi yawan shekara, don haka dole a ja bututu zuwa Valdez, tashar kudu da ba ta daskarewa. Amma hanyar ta ratsa filayen da 'yan asalin ƙasa ke da'awa, sai aka yi dokar 1971 da ta ba su eka miliyan 44 da dala miliyan 962.5, ta hannun kamfanonin yanki 12 da na ƙauyuka sama da 200 waɗanda su ne masu hannun jari.

Bututun yana da tsawon kilomita 1,287 da faɗin santimita 122, ya ci kusan dala biliyan 8, mai ya fara gudana a cikinsa ranar 20 ga Yuni 1977. Da ɗuminsa mai yake fitowa, don haka fiye da rabin bututun a sama yake kan ƙafafun ƙarfe, da yawansu da bututun ammoniya a ciki mai zuƙo zafi daga ƙasa ya sake shi a iska. An shimfiɗa shi a karkace kamar tafiyar maciji don ya samu wurin miƙewa da tsukewa. Inda ya ƙetare tsagin ƙasa na Denali, mai haddasa girgizar ƙasa, an ɗora shi kan dogayen ƙarafa masu santsi, kuma da girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.9 ta auku a 2002, ƙasa ta gusa mitoci amma bututun bai fashe ba.

A 1988 yana ɗaukar kusan ganga miliyan 2 a rana, yanzu bai kai rabin miliyan ba. Raguwar tana da illa: man da a da yake isa Valdez cikin kwana biyar yanzu yakan haura mako biyu, ya huce a hanya, ruwan cikinsa ya ware ya daskare, kakin mai ya manne a bango. Sai an riƙa ɗumama shi ana tura na'urar goge ciki akai-akai. Babban bala'in da aka yi kuwa a teku ne. Ranar 24 ga Maris 1989 jirgin Exxon Valdez ya yi karo da dutse ya zubar da kusan galan miliyan 11, abin da ya haifar da dokar 1990 mai tilasta wa jiragen dakon mai samun bango biyu.

Da gaske ne gwamnati na raba wa kowa kuɗi duk shekara?

E. A 1976, zamanin Gwamna Jay Hammond, jama'a suka gyara kundin tsarin mulkin jiha: aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da jiha ke karɓa a matsayin haƙƙinta kan ma'adinai zai shiga wani asusu na dindindin. Uwar kuɗin ba a taɓa ta, juya ta ake yi a hannun jari da kadarori, ribar kaɗai ake kashewa. Asusun ya haura dala biliyan 70. Rabon farko a 1982 dala 1,000 ne ga kowane mutum, har jarirai. A 2022 ya kai dala 3,284, a 2023 ya sauko 1,312, a 2024 kuma 1,702.

Sharuɗɗan suna da tsauri. Sai mutum ya zauna a jihar cikakkiyar shekarar da ta gabata daga 1 ga Janairu, da niyyar ci gaba da zama. Ana cike takarda tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Maris, wanda ya makara ya rasa na shekarar. Rashin zama fiye da kwana 180 yana soke haƙƙi sai da uzurin da doka ta sani, kamar karatu ko aikin soja. Mai bizar karatu ko ta ziyara ba ya ciki. Kuɗin kuma ba ya riƙe mutum, kuɗin ɗumama gida na hunturu ɗaya yana iya cinye shi.

Abin koyi a tsarin, musamman ga ƙasashe masu mai irin Nijeriya da Nijar da Chadi, shi ne kulle uwar kuɗin da aka yi a cikin kundin tsarin mulki, yadda babu gwamnan da zai iya kwashe ta. Amma yana da raunin sa. Jihar ba ta karɓar harajin albashi ko na ciniki, don haka da farashin mai ya faɗi, Gwamna Bill Walker ya rage rabon 2016 da kusan rabi, kuma tun daga nan ake jayayya a majalisa kowace shekara kan nawa za a raba, nawa za a bar wa makarantu da hanyoyi.

Ana girgizar ƙasa sosai?

Fiye da kowace jiha. Farantin ƙasa na Fasifik yana kutsawa ƙarƙashin na Amurka ta Arewa a gaɓar kudu. Ranar 27 ga Maris 1964 aka yi girgiza mai ƙarfin 9.2 da ta ɗauki kusan minti huɗu da rabi, ta biyu a ƙarfi da aka taɓa aunawa bayan ta Chile a 1960. Kusan mutum 130 suka mutu, yawancinsu igiyar teku ce ta kashe su, har a Oregon da California. Garin Valdez sai da aka sake masa wuri. Ƙa'idar mazauna gaɓa ita ce, in girgiza ta daɗe ko ta hana mutum tsayuwa, ya nufi tudu nan take, kada ya jira jiniya.

Denali ne sunan dutsen ko McKinley?

Dutse ɗaya ne, tsayinsa mita 6,190, mafi tsawo a Amurka ta Arewa. Denali sunan Athabaskan ne, ma'anarsa mai tsawo. Wani mai neman zinare ya laƙaba masa McKinley a 1896. Gwamnatin Obama ta mayar da Denali a 2015, Shugaba Trump ya dawo da McKinley a takardun tarayya a Janairu 2025. Gandun da ke kewaye da shi yana nan da sunan Denali, kuma da shi yawancin mutanen jihar ke kiran dutsen.

Ana noma kuwa? Da me mutane suke rayuwa?

Noma kaɗan ne, mafi yawa a kwarin Matanuska kusa da Palmer, inda gwamnati ta zaunar da iyalai kusan 200 a 1935. Lokacin shuka gajere ne amma hasken rana na awa 19 yana sa kayan lambu girma fiye da kima: a 2012 an auna kabeji guda mai kilo 62.7 a bajekolin jihar. Mafi yawan abincin kanti daga waje yake zuwa ta tashar Anchorage.

Kifi ne babban arzikin da ke sabuntuwa, musamman salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya girma a teku, ya dawo kogin da aka haife shi ya yi ƙwai ya mutu. Kundin tsarin mulkin jiha ya wajabta a kula da shi yadda ba zai ƙare ba. Ma'aikata suna ƙirga kifin da ya haura kogi daga kan hasumiya ko da na'urar sauti, kuma ba a buɗe wa masunta ruwa sai an ga adadin da ake buƙata don haihuwa yana wucewa. A Bristol Bay tsarin ya yi aiki, kifi yana zuwa da miliyoyi. A kogin Yukon kuwa ya ragu har aka hana kamu a shekarun baya-bayan nan, abin da ya taɓa ƙauyukan da kifin nan da naman farauta su ne cimarsu ta hunturu.

Daga ina tseren karnuka na Iditarod ya samo asali?

Kafin zuwan jirgin sama, karnuka masu jan keken ƙanƙara ne ke kai wasiƙa da kaya a hunturu. A Janairu 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nome, teku ya daskare, babu jirgin da zai iya tashi. Aka kai maganin ta jirgin ƙasa zuwa Nenana, daga nan direbobin karnuka 20 suka riƙa miƙa wa juna shi tsawon kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. An fara tseren zuwa Nome a 1973 don kada sana'ar da tsohuwar hanyar su ɓace bayan shigowar babur ɗin ƙanƙara. Ana yin sa a watan Maris, nisansa kusan kilomita 1,600, kuma kowane ɗan tsere dole ya huta awa 24 sau ɗaya a hanya, likitocin dabbobi kuma suna duba karnukan a tashoshin da ke kan hanyar.